Tankaɗen Bo Namakau

Idan ka buɗe tarihin Mukwa ka nemi sunan Bo Namakau Sililo, ba za ka same shi ba. Nawa kuwa, Kachinga Sikazwe, zai fito maka fiye da sau dubu. Na sani domin akwai lokacin da nake dubawa duk ƙarshen wata, ina jin kaina yana ƙara girma. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka irin mutumin da nake. Amma labarin nata ne, ɓarnar da ke ciki ce kawai tawa.

Mukwa kwamfaila ne, wato tafintan na'ura. Mutum ya rubuta abin da yake so injinsa ya yi da yaren da ɗan Adam ke iya karantawa, Mukwa ya juya shi zuwa abin da 'yar ƙwaƙwalwar injin ke ji. Masu haɗa injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, da masu akwatin ƙyanƙyasar ƙwai, da masu sikelin masara, daga Chipata har Solwezi da shi suke aiki. Rubutunsa a buɗe yake, kyauta, kowa na iya dubawa ya kawo gyara. Mu wajen arba'in muke kula da shi bayan mun tashi daga ayyukan da muke ci da su, yawancinmu a Lusaka da Kitwe, wasu a Harare da Kampala.

A Mongu aka haifi Bo Namakau, 'yar wani mai ɗinkin taru. Tana shekara goma sha tara ta zo Kabwe ta kama aikin buga tafireta a wata kwalejin koyon sana'a, ta yi shekara talatin da ɗaya a kan kujera ɗaya. Cikin malaman da take buga wa takardun darasi akwai Ba Hamoonga, mai koyar da rubuta manhaja (Ba da Bo laƙabin girmamawa ne a wajenmu). Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata komai. Bugawa take yi tana karantawa, har ranar da ta mayar masa da wata takarda.

"Ba Hamoonga, ka buɗe alamar baka uku a nan, biyu ka rufe. Na ukun ka bar wa shanunka su shige ta ciki ne?"

Shi Batonge ne, mutanen kiwon shanu, ita 'yar Lozi, mutanen bakin kogi, ka ga kuwa abokan wasa. Ya karɓi takardar ya duba, ya ce, "Wa ya koya wa masu kamun kifi ƙirga?" Amma daga ranar bai ƙara raba wa ɗalibai takarda ba sai ta bi ta hannunta.

Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya rasu kafin ta yi ritaya. 'Ya'yanta biyu mata suka yi aure, ta zauna ita kaɗai da kajinta a tsohuwar unguwar ma'aikatan jirgi. A lokacin Ba Hamoonga ya koma Lusaka ya kafa Mukwa da wasu tsofaffin ɗalibansa. Ya zo mata gaisuwa da wata tsohuwar kwamfutar cinya a cikin jakar buhu, ya ce, "Ungo, kafin yatsunki su sandare." Ta gwada rubuta sabon abu kamar yadda muke yi, bai yi mata daɗi ba. Sai ta faɗa zauren ƙorafi, inda duk muke gudu.

Ga yadda ƙorafi yake zuwa mana. Wani zai rubuto, "Mukwa ya ɓata min inji," ya liƙo rubutunsa gaba ɗaya, layi dubu huɗu, ya tafi abinsa. Laifin yana cikin layi uku ko biyar, amma waɗanne? Ba wanda ke son nema, domin aiki ne na gajiya kuma ba a tafa wa mutum. Ita sai ta ɗauka. Ta yanke rabin rubutun ta gwada. In laifin yana nan, ta zubar da abin da ta yanke. In ya ɓace, ta mayar ta yanke wani ɓangaren. Haka za ta yi ta yi, kwana biyu, mako guda, har ya rage abin da in ka cire ko harafi ɗaya laifin zai ɓuya. Mu tankaɗe muke ce wa aikin. Idan ta gama sai ta saka 'yan layukan a zaure ta rubuta, "Ga shi," ta ƙara da inda take ganin ɓarakar ta soma.

Daga nan sai mu gwanaye mu yi rige-rige. Abin da aka riga aka nuna maka da yatsa, gyaransa awa ɗaya ne. Al'adarmu kuwa, sunan wanda ya shigar da gyara shi ke shiga tarihi. Wanda ya share layi dubu huɗu don a ga laifin bai shigar da komai ba, sai dai a ce masa sannu a zaure, in an tuna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Rabin sunan da na yi a Mukwa a kan tankaɗenta na yi shi, kuma ban taɓa tsayawa na yi wannan tunanin ba.

Abin da ya shiga tsakaninmu ƙarami ne, har kunyar faɗa nake ji. Na yi wata dabara da ta sa abin da Mukwa ke fitarwa ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga injin da ƙwaƙwalwarsa ba ta da fili. Aka yabe ni, har aka gayyace ni Kitwe na yi jawabi da kwat. Bayan wata biyu wani mai akwatin ƙyanƙyasa a Chipata ya rubuto cewa akwatinsa ya dafa masa ƙwai ɗari biyu. Bo Namakau ta tankaɗe rubutunsa ya koma layi uku, ta saka a zaure: "Ga shi. Ya soma ne daga aikin Kachinga na watan Maris." Ba ta ƙara kalma ɗaya ba, haka take yi wa kowa. Aka yi ta min tsiya kwana biyu, wani ya tambaya ko zan zo da gishiri taronmu na Asabar. Na gyara, na yi dariya tare da su. Amma wanzami ba ya son jarfa, abin ya zauna min a ciki.

A shekarar aka ba ni riƙon makullai, wato ni ke ba mutum izinin shiga kwamfutar gwajinmu da izinin taɓa ƙorafe-ƙorafe. Sai labari ya zo cewa a wata ƙungiya irin tamu a Turai, ɓarayi sun sace makullin wani da ya daɗe da barin aiki, suka cusa mugun abu a manhajar. Hankalin kowa ya tashi. Na kawo doka: duk wanda bai shigar da layi ko ɗaya ba cikin wata goma sha biyu, a karɓe makullinsa. Aka ce madalla. Na rubuta ɗan shirin da zai yi aikin, na rubuta wasiƙar da zai aika wa kowa.

Kafin ya aika, shirin ya nuna min jerin sunayen, goma sha tara. Nata ne na bakwai. Na gan shi sarai. Na san ba ta taɓa shigar da layi ba tun da take, na san ba ranar da ba ta shiga kwamfutar gwajin nan, na san cire sunanta daga jerin bai fi ƙiftawar ido ba. Na ce wa kaina doka doka ce, in aka fara togiya ba za a gama ba. Na ce ai in ta yi magana sai in mayar mata, ta ɗan roƙe ni ita ma. Sai na danna.

Wasiƙar cewa ta yi: "Mun lura ba ki ba da wata gudummawa ga Mukwa ba cikin wata goma sha biyun da suka wuce. Don tsaro, mun karɓe makullinki. Muna godiya da sha'awar da kika nuna."

Ba ta yi magana ba. Mutum biyar cikin sauran suka rubuto suna faɗa, na mayar wa uku. Daga Kabwe shiru. Ƙorafin da bai taɓa wuce arba'in a zaure ba ya kai ɗari, ya kai ɗari da tamanin. Gwanaye suka fara ƙorafin cewa masu kawo ƙorafi sun lalace, ba sa iya bayani. Ni na san dalili, kullum in buɗe zauren in rufe, in ce gobe zan kira ta.

Duk Asabar da yamma muna yin insaka, zamanmu na mako, a inuwar bayan gidan Ba Hamoonga a Kabwata, da vitumbuwa, wato fanke, da munkoyo, kunun zaƙinmu, na nesa su shigo ta waya. Ita ta waya take shigowa, a riƙa jin kajinta. Wata Asabar Ba Hamoonga ya dawo daga doguwar jinya a ƙauye, ya zauna ya saurara ya saurara.

"Ina 'yar kifin nan tawa? Ban ji zakaranta ba. Ko ambaliya ta mayar da ita Mongu?"

"Wataƙila ba ta jin daɗi ne," na ce, ina kallon cikin kofina.

Bupe Chisanga, wadda ke kula da ɓangaren Mukwa mai karanta rubutu, ba ta da saurin magana amma tana da saurin yatsa. Ta ɗan danna kwamfutarta, ta ɗago.

"Iwe, kai Kachinga. Wa ya karɓe wa Bo Namakau makulli?"

"Shirin tsaron nan ne. Ai shi da kansa yake..."

"Shi da kansa ya rubuta kansa? To madalla, mu tashi mu tafi gida, injina sun gaje mu." Ta juyo da fuskar kwamfutar ga jama'a. "Mako goma ke nan. Kuna ta zagin masu ƙorafi, ashe mai tankaɗen aka kora, aka ce mata an gode da sha'awa."

Na so Ba Hamoonga ya yi min ihu, da ya fi sauƙi. Sai kawai ya ajiye kofinsa.

"Ka san hanyar tashar mota?"

"Na sani, Ba Hamoonga."

"To. Kada ka buga mata waya. Irin wannan ƙafa ake kai masa."

Ranar Talata da safe na shiga motar Kabwe da sukari da man girki da atamfa guda. Tun daga fita Lusaka nake tsara bayanina, har na rubuta shi a waya, dalilai goma sha ɗaya, kowanne da lambarsa. Ka ga mutumin da aka aika ba da haƙuri ya tafi kare kansa.

Na same ta a bayan gida tana zuba wa kaji dusa, 'yar siririyar tsohuwa da tabarau ɗaure da zare. Na durƙusa na tafa hannu na gaishe ta da Bo-ma, wato uwa.

"A'a! Ba Injiniya da kansa! Yau za a yi ruwa. Tashi, tashi, kada ka ɓata wandon Lusaka."

Ba ta bari na fara ba sai da ta tuƙa nshima, tuwonmu na masara, ta soya kifi, ta dafa ganyen kabewa, ta zuba min ruwa na wanke hannu. Ina ci ina bayani. Ta saurare ni tun daga na ɗaya har na goma sha ɗaya, ba ta katse ni ba. Da na gama ta goge tabaraunta da gefen zani.

"Ƙorafin nan naka dogo ne, ɗana. Ba wanda zai iya gyara shi a haka. Bari mu tankaɗe shi. Ka ce an sace makullin wani a Turai. Cire wannan. Laifin yana nan?"

Na ɗauka wasa take yi, na yi murmushi. Ita ba ta yi ba.

"Yana nan, Bo-ma."

"Ka ce duk 'yan insaka sun yarda da dokar. Cire. Yana nan?"

"Yana nan."

"Ka ce aiki ya yi maka yawa, ɗanka na ciwon kunne. Allah ya ba shi lafiya. Cire. Ka ce shirin ne ya aika wasiƙar, ba kai ba. Cire."

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ta manta ko guda ba, ni kuwa lomar da ke hannuna ta huce ban kai ta baki ba. Sai ta zo na tara.

"Ka ce sunayen da yawa, ba ka karanta su ba. Wannan ba ni da wurin gwada shi, sai kai. Ka karanta?"

"Na karanta."

"Ka ga nawa?"

"Na gani. Na bakwai ne."

"Sai me?"

"Sai na danna."

Ta gyaɗa kai. "Mun kusa. Amma saura layi ɗaya. Ina jin motsinsa, bai fito ba."

Wata kaza ta shigo ɗakin, ta zagaya, ta fita.

"Akwatin ƙwan Chipata," na ce. "Kin rubuta sunana a gaban kowa."

Ta kalle ni ta saman tabarau, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Ayya! Ashe ƙwan nan sun ƙyanƙyashe! To ga shi, layi biyu: na ji haushi, na danna. Da haka ka rubuto min tun farko, ai da tuni an gyara." Dariyar ta tsaya. "Ka san makullin bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, 'yata ta Ndola tana nan ranar da wasiƙar ta zo, ita ta karanta min ina wanke-wanke. Ta ce, 'Bo-ma, shekara tara kina hana kanki zuwa ganin jikokinki kina cewa aiki, ashe kallo kike yi musu?' Na rasa abin da zan nuna mata. Na ce ta buɗe tarihin ta gani, ta buɗe, ba ni a ciki."

Na sauka daga kujera na durƙusa. Wannan karon ba lamba, na ce ta yafe min, na ce mun shiga uku ba ita, na ce zan faɗi gaskiya a zaure da bakina kuma za mu canja al'adar sa suna.

"Tashi ka ci kifinka, ya isa. Wancan makiyayin ne ya turo ka, ko? Ka ce masa na ji ciwon bai kashe shi ba, ban ji daɗi ba." Ta gyara zama. "To, mayar min da makullin. Dama hannuna ƙaiƙayi yake yi. Da na Monze zan fara."

Daɗi ya kama ni har na fara laluben waya. Kowa a Mukwa ya san ƙorafin Monze: injinan ban-ruwa na wasu mata masu lambu da ke tsayawa haka kawai sau ɗaya a mako biyu ko uku, sai su koma ɗiba da bokiti har mai gyara ya zo daga gari. Layi dubu tara ne, kuma laifin ba ya fitowa sai an bar gwaji yana tafiya kwana da kwanaki. Mu duk mun sallama shi.

"Ban gaya wa kowa ba," ta ce, idonta na ƙyalli, "wata takwas ina kansa. Na kawo shi layi sittin. Sittin, ɗana! Mako biyu ya rage min in kama shi. Yana nan cikin ma'ajiyata a kwamfutar gwaji."

Hannuna ya tsaya a cikin aljihu. A ɗan shirin nan nawa akwai wani layi da ban gaya wa insaka ba, domin a ganina tsafta ce kawai. Kwamfutar gwajin tana yawan cika, sai na sa bayan kwana talatin da karɓe makullin mutum a share ma'ajiyarsa, har da kwafin ajiya. Ranar kwana saba'in da uku ke nan.

Har a wannan lokacin ban daina neman mafaka ba. "Bo-ma, ba ki da kwafi a nan gida?"

"Rubutun mutane ne, amana suka ba mu. Ba kai ka rubuta mana bara cewa kada wanda ya kwashe irinsa zuwa kwamfutarsa ta gida ba?" Ta dube ni da kyau. "Me ya faru?"

Bayani ya taso min har wuya, yadda kwamfutar ke cika, yadda ba mu da wata. Na haɗiye shi.

"Na share shi."

Ta cire tabaraun ta riƙe a cinya, tana kallon ƙofa. Can ta tashi ta kwashe kwanukan, na ji tana wanke su a waje, ta daɗe tana wankewa fiye da yadda kwano huɗu ke bukata. Da ta dawo ta naɗe min ƙwai goma sha biyu a jarida ta ce in kai wa matata, ta ce in yi sauri kada motar ƙarfe uku ta bar ni. Ta raka ni har bakin shinge.

"Bo-ma, makullin fa? Yanzu-yanzu zan mayar."

"Riƙe shi tukuna," ta ce.

Na faɗi gaskiya a zaure kamar yadda na yi alkawari, aka canja al'adar, yanzu sunan mai tankaɗe yana shiga tarihi kusa da na mai gyara. Na ajiye riƙon makullai, Bupe ta karɓa. Shekara biyu ke nan. Matan Monze har yanzu suna ajiye bokitansu kusa da inji. Duk Kirsimeti ina kiran Bo Namakau, ta amsa da fara'a, ta tambayi kunnen yaron, ta ba ni saƙon zagi in kai wa Ba Hamoonga. Ban sake yi mata zancen makullin ba, ita ma ba ta tayar da shi ba.